Na Tsallake Daron Habu

Bari in rage muku wahalar bincike: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na faɗa da bakina tun daga layin farko, don kada wani ya kai tsakiya ya ɗaga kai ya ce shi ya gano.

Sunana Sabo, haifaffen Shahuci. Akwai lokacin da in ka shiga lungunan cikin gari ka ce kana neman Likitan Kaji, ƙofarmu za a nuna maka. Yanzu dusa da abincin kaji nake aunawa a Gwale, a shagon nan da kuke cika mini benci kullum bayan La'asar, kuna latsa waya, kuna cewa rigakafin kaji ba sana'a ba ce, kowa ya kalli bidiyo sau biyu ya ƙware. Ran nan har na ji ɗayanku, mai gilashin nan, yana cewa da yana nan lokacin murar tsuntsaye da ya haɗa mata rigakafi kowa ya huta. Na tashi na sayo littafi mai layi. Ni da boko a aji biyar na firamare muka yi sallama, ba faɗa ba tashin hankali, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne ɗaukar kula, akwatin ƙanƙarar da ake sa rigakafi a ciki. Maigidana Baba Bukar Babarbare ne na Dukawuya, irin waɗanda kakanninsu suka zo karatu suka zauna. Ya yi aikin asibitin dabbobi har ya ajiye, sannan ya ci gaba da bin gidajen masu kaji a kan keke. Mu biyu ya ɗauka, ni da wani Habu ɗan Gwale. Na riga Habu zuwa da wata huɗu. Ku riƙe wannan, don ni har yau ina riƙe da shi.

Wata rana ana zafi Baba Bukar ya aike ni in karɓo kwalaben rigakafi daga firjin wani kanti, in same shi a Dukawuya. Kwalaben ƙanana ne, ba su kai babban yatsa ba, suna kwance cikin ƙanƙara. A hanya na ga mai zoɓo, zoɓon nata kuwa ya yi ɗumi. Na duba hagu, na duba dama, na ce ai ƙanƙarar nan ta yi wa kwalba huɗu yawa. Na ɗebi rabi na zuba a kofi. Na kuma tsaya kallon wasu masu dara. Da na isa, Baba Bukar ya buɗe kula, ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗora a kumatunsa. Can ya dube ni.

"Sabo, a ina ta rasu?"

Na ce, "Wa, Baba?"

"Wadda na aike ka ka rako. Da ranta ta fito, ga shi ka kawo mini gawa."

A ranar ya zaunar da mu ya yi mana karatun da shi ne duk ilimina. Ya ce abin da ke cikin kwalbar nan cutar ce da kanta, masana suka kamo ta suka karya mata ƙarfi. In an ba kaza, jikinta zai ga fuskar cutar ya shaida ta, ran da mai ƙarfin ta zo sai ta tarar an shirya mata. Zafi yana kashe ta, rana tana kashe ta, ruwan famfo mai magani yana kashe ta. Kuma kowace cuta da nata rigakafin, jikin da ya ga fuskar wannan ba zai gane waccan ba. Wannan na ƙarshen ban ji shi da kyau ba, ina can ina hararar Habu, wanda ya fito da 'yar takarda yana rubutawa. Mutum ya zo jiya-jiya yana rubutu a gaban manya.

Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, ga rigakafin fakat na ruwan sha, wanda ya fi duka sauƙi. Fakat ita ce cutar da ke murɗe wa kaza wuya ta bar ta tana kallon sama. Tun da sassafe za ka ɗauke musu ruwa su ji ƙishi, amma ba ƙishin da zai sa su tattake juna ba. Ka wanke mazuban ruwa, ba sabulu. Ka ja ruwan rijiya, ka sa masa 'yar madarar gari, ka buɗe kwalbar a cikin ruwan, ba a sama ba. Ka raba yadda raguwar kazar da ke maƙale a lungu za ta samu kamar yadda mai ƙarfi ta samu. Kuma su shanye kafin rana ta ɗaga. Wannan ke nan. Sai ɗigo a idon 'yan tsaki, ɗaya bayan ɗaya, kana jiran kowane ya ƙifta kafin ka sake shi, bayanka yana neman ɓallewa. Sai allurar ƙuraje da ake hudawa a fatar fiffike. Sai ta ƙirji, wadda in ka kauce kaɗan kazar za ta yi maka kallo ɗaya ta miƙe ƙafa a gaban mai ita.

Akwai wani tela a Shahuci da ya ajiye kaji a saman bene. Na je yi musu ta fiffike, ina sauri in gama kafin Habu ya gama nasa a gidan gaba, na manta ban ja ƙyauren keji ba. Kaji suka watse a kan rufin unguwa. Telan yana ƙasa yana salati, ni ina tsallen katanga da allura a baki. Habu ne ya hau ya watsa 'yar dusa, ya tsaya kamar gunki, suka dawo da ƙafarsu. Har yau in an tuna ranar sai a ce ranar da Habu ya kama kaji. Ba wanda yake cewa ranar da Sabo ya tsallake katanga bakwai.

Hannuna ya fi na Habu sauri, wannan ko maƙiyi ya shaida. Amma in mun fito daga akurki, shi ake ce wa, "Malam Habu, a sha ruwa mana," ni kuma a ce, "Sabo, miƙo tabarmar can." Ba hassada nake yi ba. Lura ce kawai, na kuma daɗe ina yin ta.

Da ƙafafun Baba Bukar suka gaza, ya kira mu zaurensa ya raba mana kayan aiki. Akwai wata sirinjinsa ta ƙarfe da muke kira bindiga, mai auna magani da kanta, kana matsawa tana cika. Tun ran da na fara ganinta na san tawa ce. Ya ɗauke ta ya miƙa wa Habu. Ni ya turo mini dogon takalminsa na roba, baƙi, mai kaiwa gwiwa.

Na ce, "Baba, ni ne fa babba."

Ya ce, "Na sani. Habu ya san inda yake sa hannunsa. Kai kuma ina so ka riƙa duba inda kake sa ƙafa. Duk gidan da ka fito ka wanke shi."

Na yi godiya, irin wadda ake yi haƙora a datse. Duk da haka na riƙe takalmin nan da girma. Ban cika wanke shi da magani ba, don maganin yana tsattsaga roba. Ban da haka, a ganina kashin kaji a takalmin mai allura shaida ce, kowa ya gani ya san ana kiransa.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, sai gari ya cika da kaji. Albashi ya motsa, kowane ma'aikaci ya zama manomi. Malamin makaranta ya kewaye kangon gidansu, matar kansila ta sa keji a bayan ɗaki, wanda ya samu kwangilar kwata ya buɗe gona a bayan ganuwa. Na sayi babur baƙi. Habu ya sayi nasa, ja. Wayar hannu ta shigo, ya riga ni saye da sati biyu, har ya sa aka rubuta lambarsa a jikin kula. Na sa aka rubuta tawa da manyan baƙaƙe, aka ƙara Dakta a gaban sunana.

A cikin masu kiranmu babu kamar Hajiya Yagana ta Dukawuya, ƙanwar Baba Bukar. Dattijuwa ce, ta koyar a makarantar 'yan mata har ta ajiye, ta kwashe duk abin da aka sallame ta da shi ta zuba a kaji masu ƙwai ɗari uku, a kangon da ke jikin gidanta. Da ƙwan nan take riƙe gidan tun rasuwar maigidanta. Ta san kajinta kamar 'yan ajinta, tana cewa wannan malalaciya ce, waccan sarkin surutu. Kuma duk wanda yake yi mata rigakafi, shi unguwar take kira. Ni ne nata, shekara huɗu. Sai ranar da ya kamata in yi wa sababbin 'yan tsakinta ɗigo aka zo da motar kamfe ana rabon huluna. Na ce kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba, na haye. Ta kira Habu. Ba ta kore ni ba, ba ta yi faɗa ba, muna gaisawa lafiya lau. Jan babur kawai nake gani a ƙofarta duk lokacin da na wuce. Nakan kuwa wuce sau da yawa, ko da hanyata ba ta nan ba ce.

Sai shekarar murar tsuntsaye. Muka fara jin ta a rediyo, sannan a bakin masu ɗaukar ƙwai, sannan muka gani da ido. Fakat tana ba ka kwanaki ku yi kokawa. Wannan ko gaisuwa ba ta yi. Ka bar kaji suna cin abinci da safe, da azahar ka tarar da su a kwance, zankon kansu ya yi baƙi, fuska ta kumbura, ƙafa ta yi ja kamar an zane su da bulala. Mutane suka daina cin ƙwai, mai shayi ya soya ya rasa mai ci. Hukuma ta ce ba maganar rigakafi, inda ta ɓulla a kai rahoto, a zo a kashe na raye a binne.

Me Habu ya yi? Ya bi masu kajinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya daga waje, ya ba kowa daro a ajiye a ƙofar akurki, a cika da ruwan maganin nan mai warin asibiti. Ya ce kada kowa ya shiga sai mai ba su abinci, shi ma sai ya tsoma ƙafa. Masu sayen ƙwai su tsaya a titi. Har shi kansa ya ce kada a bar shi ya shiga. Daga nan ya jingine jan babur, ya zauna a gida yana amsa waya.

Na tare shi a ƙofar masallaci bayan Azahar, a gaban jama'a, don irin wannan magana ba ta daɗi in ba shaidu.

"Malam Habu, an ce ka bar allura ka koma sana'ar daro?"

"Sabo, ka zauna a gida kwanakin nan. Mu ne masu bin akurki-akurki. In ba mu yi hankali ba, mu za mu raba ta."

"To ina bindigar? Ko ta yi tsatsa? In ta fi ƙarfinka ka kawo wa manya."

"Me zan sa a cikinta? Ba mu da rigakafin wannan. Cutar nan sauya kama take yi. Masu madubin ganin ƙwayar cuta ma sai nasu ya dace da irin wadda ta zo, in ba haka ba kaza ta ɗauka ta ɓoye, tana tafiya tana rabawa. Mu da me za mu auna?"

Na ce, "Da ƙwaƙwalwa."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya sa takalminsa ya tafi. Mutane suka yi dariya. Na ɗauka ni suke tayawa.

Na koma gida na yi nazari irin na masana. Na ce fakat tana sa kaza numfashi da ƙyar da koren kashi, wannan ma haka. Ashe 'yan uwa ne, wa da ƙani. Jikin da ya san fuskar ƙani, in aka nuna masa ita sau biyu, ai zai gane wan. Saboda haka na ninka rigakafin fakat. Na zuba garin bitamin mai ruwan ɗorawa, don ya yi launin da ba a saba gani ba. Na daka tafarnuwa na tace, don duk abin da zai fita yaƙi ya kamata ya yi wari. Na samo kwalabe na liƙa musu takarda: Haɗin Dakta Sabo. Daga baya aka gaya mini ko fakat ɗin ma haɗin nan ba zai hana ba.

Ranar wata Talata na fara da gonar wani Alhaji a bayan ganuwa, wanda kajinsa suka fara zubewa bai kai rahoto ba. Na shiga na ratsa cikin matattun, ina juya su da ƙafa, ina girgiza kai kamar babban likita. Na ba waɗanda suka rage haɗina. Na fito na hau babur, takalmina ya yi nauyi da shaida. Ban tsaya ko'ina ba sai Dukawuya.

Na yi sallama, Hajiya Yagana ta fito zaure da carbinta. Muka gaisa, ta tambayi iyali.

"Hajiya, na ji an bar ki da daro."

"Habu ya ce kada kowa ya shiga, Malam Sabo. Sati uku ke nan, ko ɗaya ba ta yi tari ba."

"Sati uku. Na huɗun fa? Daro zai hana abin da ke yawo a iska? Ni ba ciniki ya kawo ni ba, amanar Baba Bukar ce. Rigakafi ya samu, kuma ba kowa nake ba wa ba."

Na fito da kwalba. Ta karɓa ta ɗaga a haske, ta sansana, ta yamutsa fuska.

"Wannan na kaji ne ko na miya?"

"Ƙarfinsa ke nan, Hajiya."

Ta ji abin da ya sami gonakin bayan gari, ga shi duk abin da ta mallaka yana bayan katangar nan yana ƙyarƙyara. Can ta ce, "To, tunda ka ambaci Yaya Bukar. Bismilla."

A ƙofar kangon ga daron nan, shuɗi, cike da farin ruwa, ga ɗan buroshi a gefe. A jikinsa an rubuta da fenti: Habu. Ku tsaya nan ku fahimce ni. Da daron Hajiya ne, da wataƙila na tsoma. Amma in sa takalmin Baba Bukar a ruwan da Habu ya haɗa, bisa umarnin Habu, kamar wani mai ɗaukar ƙwai, ni da na riga shi da wata huɗu? Na tattare riga, na buɗe ƙafa, na tsallake. Tsallake mai kyau, ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Hajiya tana bayana, ta gani. Na ji ta ja numfashi. Amma a cikin garin nan, ku ma kun sani, ba a ce wa magidancin da ya zo gidanka da sunan taimako ya koma ya wanke ƙafa. Kamar ka ce masa ƙazami ne. Na san ba za ta faɗa ba, shi ya sa ban waiwaya ba.

Na zagaye kangon lungu-lungu, na zuba haɗi a kowane mazubi, ina taka ɓuntun da suke tonawa. Aiki na yi sosai, ban bar kusurwa ba. Da na fito na sake tsallakewa. Na tarar ta dama mini fura da nono mai sanyi a kwanon da take ba manyan baƙi. Na sha na yi gyatsa, na ce ta kwantar da hankalinta. Daga nan na shiga gida uku a unguwar, don labari ya riga ni isa, wai Hajiya ta koma wajen Sabo. A duk sana'ata ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba. Da zan koma har ta ƙofar Habu na bi, na danna ham sau biyu.

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya ta aiko, wai kajinta sun fara zubewa. Na ce a ce zazzaɓi nake yi. Ranar Juma'a mutanen hukuma suka zo cikin fararen kaya har ka, suka rufe lungun, suka kwashe matattu, suka kashe na raye, suka yi feshi. Gidaje ukun nan ma haka. Sauran masu kajin Habu, waɗanda Allah bai ba ni ikon taimaka musu ba, yawancinsu suka tsira.

Habu ya zo gida ya same ni. Da zagina ya yi da na ji sauƙi, don na shirya amsoshi. Ko zama bai yi ba.

"Ina takalman?"

Na nuna. Ya sa sanda ya ɗaga su ya jefa a buhu, muka je bayan gari, ya zuba kananzir. Muna tsaye suna ci ya ce, "Ban gaya wa kowa ba." Ku ji irin halin nasa, ko a nan sai da ya fi ni. Ba ma sai ya faɗa ba, Dukawuya duk ta ga baƙin babur. Daga ranar wayata ta yi shiru. Da abin ya lafa masu kaji suka sake zuba 'yan tsaki, kowace ƙofa jan babur. Habun ne ya yi mini hanyar shagon nan da kuke zama, abin da har yau ban gama yafe masa ba.

To, mai gilashi, ka ji. Haɗa rigakafi na riga ka, har da takarda a jikin kwalba. Kafin ka fara naka, ka zo in koya maka wanke takalmi, a wannan yanzu ba wanda ya fi ni.

Saura abu ɗaya. Da aka kwana biyu na yi ƙarfin hali na je yi wa Hajiya jaje. Ban tafi hannu sake ba, na tafi da hujja. Na yi tambaya an ce mini tsuntsayen daji masu ƙaura ne suke kawo cutar daga nesa. Kuma har yau ba wanda ya auna takalmin nan ya ce ga ta a jiki. Ta fito zaure, ta rame. Ƙofar kangon a buɗe, shiru, sai warin feshi. Daron yana nan inda yake, ruwan ya ƙafe.

"Hajiya, ya muka ji da haƙuri?"

"Alhamdu lillahi, Malam Sabo."

"Allah ya mayar da alheri."

"Amin."

Da a nan na tsaya, da na tashi da ragowar mutuncina. Sai na gyara zama, na gyara murya.

"Ai abin nan, Hajiya, masana sun yi bayani. Tsuntsu ne yake kawo shi ta sama, daga can ƙasashen sanyi. Ba daron da zai tare tsuntsu. Shi kansa Habun ai..."

Ta ɗaga hannu, yadda take tsayar da aji.

"Na yarda tsuntsu ne, Malam Sabo, ai na gan shi. A kan babur ya zo, ya tsallake mini daro, ni kuma na dama masa fura."